Shuɗi Ya Koma Kore

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randata a tsakiyar bazara, hadarin da nake ɗaga kai ina jira, Abban 'yan biyu, telan da babu na biyunsa a duk layin, kuma mutum mafi taurin kai a cikin bayin Allah da na taɓa zuba wa abinci.

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanci gaisuwar ba. Za ka ga na yi rubutun ɓaro-ɓaro, irin wanda nake yi wa 'yan aji ɗaya a allo. Ba hannuna ne ya lalace ba, so nake ka karanta ba tare da ka ƙanƙance ido kana kai takardar gaba kana dawo da ita baya ba. Da gangan kuma na rubuto a takarda. Na san in ta waya na turo, saƙona zai maƙale tsakanin bidiyon ƙwallo da na mutanen da ke sulɓewa suna faɗawa kwata, ka share shi da ɗan yatsa ka wuce. Mai guga na kusa da shagonka na ba, na ce ya miƙa maka hannu da hannu, kada ya matsa sai ya ga ka buɗe.

Tun ranar da uwar amaryar nan da ta ba ka ɗinki ta yi maka wankin babban bargo a ƙofar shago ka ɗauke mini wuta. A kan teburin yanka kake kwana, ka yi matashi da ragowar yadi. Abincin da na aika yakan dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba, alhali ana ganinka a rumfar mai abinci ta tsallaken titi kana sharɓar miyar da kai da bakinka ka taɓa ce mini ruwan wanke-wanke ne. Gida kuwa sai ka daidaici ina makaranta ka shigo kamar ɓarawo, ka yi wanka, ka sake kaya, ka bar mini masu dattin a bayan ƙofa. Wato hannuna bai isa ya ba ka abinci ba, amma ya isa ya wanke maka riga? 'Yan biyu suna tambayata ina Abba, ina ce musu aiki ne ya yi yawa. Na gaji da yin ƙarya dominka. Raina a ɓace yake, masoyina, ɓacin da bai taɓa yi ba tun da na shigo gidanka.

Ka tuna ranar da na fara taka shagonka? Yadi na kawo, da zaren da na sayo da kaina don kada a cuce ni. Ko karɓa ba ka yi ba. Daga inda kake zaune a kan keke ka ɗago ka dubi zaren, ka dubi yadin, ka ce ba za su zauna tare ba, zaren ya fi yadin duhu da kaɗan. Na yi maka musu, don ni a wurina ja ja ne. Sai ka tashi ka ce in biyo ka bakin ƙofa, ka ɗora su a tafin hannunka cikin hasken rana, ka ce kai ba ka yanke hukunci a kan launi a cikin ɗaki. Na duba, wallahi yadda ka faɗa haka yake. Sannan ka ɗago waɗannan idanun ka dube ni, farare tas, masu sanyi kamar safiyar da aka kwana ana ruwa. Na koma gida ban san ta wace hanya na bi ba. Yayata ta yi ta tsiya, wai me na gani a jikin tela mai ƙafafu kamar sandar rake. Na ce mata ba ni na gani ba, shi ya gan ni. Idanun nan na aura, Abban 'yan biyu. Ban auri keke ba, ban auri shago ba. To ina ka kai mini su?

Ni na san inda ka kai su. Dogo mai waya, abokin nan naka da ba ya tashi daga bencin shagonka sai yunwa ta kore shi, shi ya zuga ka ka ajiye 'yar ƙaramar wayarka mai madannai ka ɗauko babbar nan ta shafa. Wai tela na zamani a waya yake ganin sabon yayi. To an ga yayi, Allah ya isa tsakanina da shi. Tun daga nan, da ka ɗaga ƙafa daga keke sai hannu ya tafi aljihu. Ido ya tashi daga kan ɗinki, wanda shi ma ba ƙaramin cinsa yake yi ba, ya faɗa cikin farin hasken nan da ka ƙure har ƙarshe kamar fitilar babbar mota. Ka dawo gida, loma a dama, waya a hagu. Na taɓa gwada ka na ce kicin ya kama da wuta, ka ce to madalla. Idanun da na sani farare suka koma jajur, suna ruwa, kana murza su da bayan hannu kamar wanda aka tasa daga barci. Ciwon kai ya zama ɗan gida. Kullum kuma da wanda za ka ɗora wa laifi: yau hayaƙin janareton maƙwabta, gobe fankar shago, jibi albasar da na yanka a kicin kana falo. Kowa ya yi laifi ban da abar da ke tafin hannunka.

Da aka cire wa Inna yanar ido, ni na raka ta asibiti. Kai kana shago wai aiki ya riƙe ka, mahaifiyarka ce fa. Da likitan ya gama da ita na roƙe shi ya saurare ni, na kwashe halinka kaf na gaya masa. Bai tsorata ni ba. Ya ce yawanci gajiya ce da bushewa, don mai kallon waya yakan manta da ƙifta ido, ga shi sana'arka ma ta duban kusa ce, idon ba ya samun hutu ko nan ko can. Ya ce a rage haske ya yi daidai da na ɗakin da ake ciki, a ƙara girman rubutu, a daina manna ta a fuska, a riƙa ɗaga kai ana kallon abu mai nisa, kada kuma a yi kallo cikin duhu. Ya ƙara da cewa mutum mai shekarunka ya kamata ya zo a auna shi, wataƙila tabarau kawai yake bukata. A layin karɓar magani kuma wata mata ta nuna mini wani wuri da ake dannawa hasken waya ya koma rawaya-rawaya, ta ce ita dai tana jin sauƙinsa.

Na dawo da murnata na zayyana maka. Me ka yi? Dariya ka yi har da buga cinya. Ka ce malamar 'yan aji ɗaya ta zama likita. Ka ce tabarau na tsofaffi ne, ranar da masu kawo ɗinki suka ga gilashi a hancinka ranar za su kwashe kayansu su kai wa matasan teloli. Ka ce idonka garau yake, kana iya ƙirga gashin ƙuda daga nan zuwa bakin titi. Duk wannan bayanin ka yi shi ne ba ka ɗago daga wayar ba.

To sai na yi abin da na yi. Wata safiya kana banɗaki kana waƙe-waƙenka na zare ta daga caji. Na ƙara girman rubutu, na rage hasken, na danna wurin da matar nan ta nuna mini, na mayar da ita inda take. Ka fito ka ɗauka, ka duba, ka ce lallai kamfanin nan sun san aiki, dubi yadda suka gyara rubutun da kansu. Har albarka ka sa musu! Ni ina tsaye da tsintsiya ina cije leɓe. Aka yi kwana da kwanaki ba ka nemi maganin ciwon kai ba. Ban gaya maka ba don na san halin kayana. Da na faɗa, a take za ka mayar da komai yadda yake, don kawai kada a ce matarka ta fi ka gaskiya.

Sauran kai ka fi ni sani, amma bari in maimaita yadda ya faru, don na ji labarin da kake bayarwa a layi ya fara canja kama. Uwar amarya ta turo maka hoton launin da take so a yi wa ƙawayen 'yarta riguna, shuɗi mai haske irin na sama bayan ruwa ya ɗauke. Ta ce ka sayo yadin da kanka tunda kai ne masani. Ka tafi kasuwa, ka shige shagon mai yadi, ka yi ta kara wayarka a jikin bandir bayan bandir har ka sami wanda ya yi daidai da abin da take nuna maka. Ka sa aka yanko, ka dawo ka ɗinke su tsaf, ɗinki kuwa na gani na faɗa, wannan ba zan tauye ka ba. Matar ta zo karɓa ana jibi biki, ta buɗe leda ta ga kore, kore mai haske irin na sabon tofo. Ka rantse shi ta turo, ta rantse ba shi ba. Ta zaro wayarta ta ajiye kusa da taka. Hoto ɗaya ne, amma nata shuɗi, naka kore. Matar ta hau ka da faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, har masu shagunan layin suka fito kallo. Dogo ne ya karɓi wayarka ya laluba ya gano abin da aka taɓa, sannan ya tambaye ka a gaban jama'a wa ke riƙe maka waya a gida. Munafuki, kamar bai sani ba.

Ka shigo gida da rana tsaka kana huci, ka tambaye ni, na ce ni ce. Ban ɓoye ba. Ka dube ni ka ce, "Kin kashe mini sana'a." Ka juya ka fita. 

Ni na kashe maka sana'a? Ni? Yadin ya ba ni tausayi, ƙawayen amarya sun ba ni tausayi, har uwar amaryar da bakinta mai kama da reza na tausaya mata, don ba ta da laifi. Asarar da aka yi ni ma a jikina take, ai tukunyarmu ɗaya. Da na san a hoto kake sayen yadi yanzu, da na bar launin hasken yadda yake na nemi wata dabara. Amma ta ina zan sani? Telan da na aura ba ya sayen yadi a hoto. Cewa zai yi a kawo masa ƙyalle, ko ɗan mitsitsi ne a yanko daga gefen mayafi. In hakan bai samu ba, zai kira matar ya tambaye ta shuɗi take nufi ko kore. Tambaya ɗaya tak da ta raba gardama. Yaushe ka sallama wa gilashin waya aikin da Allah ya ba idonka?

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda na san shi yake hana ka sakat a kan teburin nan, ba sauro ba. Wayar nan ta yi makonni tana rawaya a hannunka. Duk wani fari da ke cikinta ya dafe, hoton 'yan biyu da ke fuskarta sun zama kamar masu ciwon shawara, kana kallonta safe da yamma, ba ka lura ba. Ranar da ka je gaishe da Inna kana nuna mata hoton jikokinta, da ido ɗaya ta leƙa, ɗayan yana liƙe da auduga. Bayan ka fita ta tambaye ni ko wayar taka ta faɗa cikin mai ne. Tsohuwar da aka yi wa aiki ta gani, kai mai ƙirga gashin ƙuda ba ka gani ba. Wannan shi ne ya tsorata ka, shi ne kuma ka kasa faɗa. Fushin da kake yi da ni borin kunya ne. Ka san ba zan gudu ba, shi ya sa ka sauke shi a kaina. Dogo da ya sayar maka da wayar yana nan a benci yana shan shayinka, ni da na nemi in ceci idonka ni ce abar gaba.

Duk da haka, kaicona, ina kewarka. Na tsani in faɗa, alƙalamin ma sai da ya yi mini gardama. Ina kewar ƙamshin sabon yadi da man keke da kake shigowa da shi, da guntayen zaren da nake tsincewa a gemunka. Gidan ya yi mini faɗi kamar gonar da aka girbe. In iska ta taɓa ƙofa sai in miƙe in leƙa in ga ba kowa, in ja tsaki in tsine wa ƙofar. Ya farin watana, ya raɓar safiyata, wane irin mutum ne kai da za ka bar mace tana fushi ita kaɗai, ba wanda za ta harara? Kuma ka sani rabon da ka dube ni ido cikin ido tun kafin wannan rigimar ne. Na sake kitso ba ka gani ba. Na rame ba ka gani ba. Na sa rigar da ka ɗinka mini da hannunka, ka tambaye ni wane tela ne ya yi mini wannan aikin. Sai na shiga cikin wayar na sulɓe na faɗa kwata sannan za ka kalle ni?

Ban ce ka jefa ta rijiya ba. Na san a cikinta masu ɗinki suke nemanka, riƙe abarka. Rawayan ma ka cire shi, na yafe, tunda ya nuna ba ya shiri da sana'arka. Amma rubutun ka bar shi da girmansa, hasken ka bar shi a ƙasa, ka janye ta daga hancinka. In ka gama haɗa hannun riga, kafin hannunka ya kai aljihu, tashi ka tsaya bakin ƙofa ka kalli ƙarshen layi, can inda tankin ruwa yake, ka ƙifta idon nan kamar mai rai. In ka dace da lokacin tashin makaranta za ka hango wata mata da jakar littattafai tana wucewa tana harararka, kallonta ma ba zai cuce ka ba. Launi kuwa, duk wanda ya turo hoto ka ce ya kawo ƙyalle. Wannan ba ni na koya maka ba, kai ka koya mini.

Yanzu bari in faɗi abin da na yi niyyar tafiya da shi kabarina. Ka san ɗan matashin alluran nan da ke cikin jakarka, na ɗinkin hannu, waɗanda kake sa maɓalli da kalmasa da su? Tun bara na gan ka wata safiya a tsakar gida kana neman kafar allura. Ka lashi zaren, ka kai, ya wuce ta gefe. Ka sake lasa, ka sake kaiwa. Ka zagi masu ƙera allurar, ka ce yanzu ba sa huda su da kyau. Ka waiga ka ga ko ina kallo, ni kuwa na sunkuyar da kai a kan wanke-wanke. Tun daga ranar, kowace safiya kafin in tafi makaranta nake buɗe jakar in duba aikin da ke ciki, in zura maka zare a allurai, baƙi da fari da duk launin da na ga za ka nema, in soke su a jere in rufe. Ba ka taɓa tambaya ba. Aljanu ka ɗauka suke yi maka? Ka sani, na kuma san ka sani. Muka yi shiru mu biyu, ni don in rufa maka asiri, kai don girman kai. Wannan ita ce matar da ta kashe maka sana'a.

Yanzu jakar tana shago tare da kai, alluran da na zura wa zare kuma sun ƙare. Na ji an ce ka fara mayar da aikin maɓalli, wai ba ka da lokaci. Mutumin da ke kwana a shago ne ba shi da lokaci?

Ka girgiza ambulan ɗin nan yadda kake so, babu allura ko ɗaya a ciki. Na daina aikin ɓoye. Ranar Asabar ba ni da makaranta. Da safe zan je asibitin ido in karɓi kati da sunanka, in zauna a benci in ajiye jakata a gefena ta tare maka wuri. In ka zo, ba zan yi maka gori ba, ko a hanya ko a gida, kuma ni zan zaɓa maka tabarau ɗin da zai dace da wannan doguwar fuskar taka. In aka kira sunanka ba ka nan, daga can shagonka zan wuce. Zan tashi Dogo daga benci in zauna, in ce ka miƙo jakar, in zura maka zare ɗaya bayan ɗaya a gaban duk wanda ya zo karɓar ɗinki, kuma duk wanda ya tambaye ni me nake yi zan gaya masa. Ka san zan iya. Ka zaɓi wanda kake so 'yan layin su gani, gilashi a hancinka ko matarka a bencinka.

Ko wanne ka zaɓa, babu inda za ni. Ko idon nan ya washe ko ya ƙi, ko ka sa tabarau mai kaurin gindin kwalba, ni ce dai a gefenka har ƙasa ta rufe mini nawa. Ina son ka son da ba shi da magani, kuma wallahi ban huce ba.

Taka har numfashin ƙarshe, da fushinta da komai,
Maman 'yan biyu.